Likita Zauna-Tukuna

Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar ƙaramin asibitin unguwarmu, titi ne kawai ya raba mu. Aikin tela na sunkuyo ne, amma duk sa'ad da zare ya tsinke dole ya ɗaga kai, in ya ɗaga kuwa sai ya ga wani abu. Haka na yi shekaru ina ganin Likita, kaɗan-kaɗan, tsakanin tsinkewar zare da mayar da shi a kafar allura.

Asibitin ba wani babba ba ne. Shaguna biyu ne a jere aka fasa bangon da ke tsakaninsu. Na hagu shi ne ɗakin jira, da bencinan masu jira, da teburin Sista, ma'aikaciyar jinyar da suka fara aikin tare, da ma'aunin nauyi da yara ke hawa suna sauka har sai an daka musu tsawa. Na dama ɗakin Likita ne. An rufe ƙofarsa ta titi an jingina mata kabad, sai taga aka bari, ta ɗakin jira ake shiga. A ciki akwai tebur, da gadon duba mutum a bayan labule, da firjin allurai mai gurnani ba dare ba rana, da kujeru biyu. Tasa ta katako ce, an tokare ƙafarta ɗaya da kwali. Ta baƙo kuwa mai hannuwa ce da katifa, ni na sha sake mata riga.

Mutanenmu idan za su wurin likita, da maganinsu suke zuwa a baki. Tun daga bakin ƙofa mutum zai fara: "Likita, zazzaɓi ne, allura za ka yi mini in wuce, na bar shago a buɗe." Shi kuwa ko biro ba ya ɗauka. Sai ya nuna kujera da tafin hannu ya ce, "Zauna tukuna." Mai gaggawa, zauna tukuna. Wanda takarda kawai ya zo karɓa, zauna tukuna. An ce har mai karanta mitar lantarki ya taɓa zaunarwa, bawan Allah ya fito da takardar maganin hawan jini a aljihu. Daga nan sunan ya bi shi, har yara ba su san yana da wani ba.

A babban asibiti ya fara aiki, in ji waɗanda suka san shi tun can. Wai ƙorafin da aka riƙa yi a kansa ɗaya ne, layinsa ba ya tafiya. Ko korarsa aka yi, ko shi ya ga wurin bai dace da tafiyarsa ba, ban sani ba. Na dai ga ranar da ya zo da kayansa a bayan akori-kura, yana rungume da kujerar nan don kada ta goge.

Wata rana yana auna mini jini na tambaye shi sirrin zaman nan da yake sa mutane.

Ya ce, "Baba Tela, kana yanka yadi kafin ka auna mai shi?"

Na ce, "In na yi haka ai sai in biya."

Ya ce, "To ni awona ke nan. Daga ƙofa zuwa kujera mutum ya gama gaya mini rabin ciwonsa. Yadda ya tako, inda ya dafa, yadda ya sauke jikinsa. Sauran rabin shi ne wanda yake faɗa da baki, shi kuma sai an tankaɗe."

Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba shi ne da me asibitin yake ci. A wurinmu ba a biyan magana. Mutum zai biya kuɗin kati, ya biya allura, ya biya ƙwaya da ƙarin ruwa, don waɗannan ya gan su da ido ko ya ji zafinsu a jiki. Amma zaman da aka yi da shi aka saurare shi, wannan hira ce, hira kuwa ba ta da farashi. Likita ma bai taɓa sa mata ba. Ƙananan abubuwa ke riƙe da wurin: awon jinin tsofaffi irina, rigakafin jarirai, wankin ciwo, takardar shaidar lafiya ta masu shiga makaranta ko neman aiki. Sista takan ce masa, "Kai fa abin da ya kamata ka sayar shi kake bayarwa gyara." Ya yi murmushi ya kira na gaba.

Ba a yi arziki ba, ba a kuma wulaƙanta ba. Yana da 'yar motarsa. Matarsa tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, babbar 'yarsu tana jami'a. Akwai mai gwajin jini da ke zuwa da safe, da wata mata mai shara.

Sai annoba ta zo.

Ranar da aka sa dokar kulle, mai ɗakina ta ce, "To, bana kakar likitoci ce." Ni ma haka na zata. Ina ce idan ciwo ya yi yawa, mai magani ne zai rasa wurin zuba kuɗi. Da yake a bayan shagon nake zaune da iyalina, kullum sai in buɗe ƙofa rabi in zauna, ina jiran in ga layi ya fito har titi.

Ba layi. Bencinan nan da ake rigimar wuri a kansu, sai ƙura. Mutane suka ɗauka a asibiti cutar take kwana, wanda ya shiga da ciwon gwiwa zai fito da tari. Iyaye mata suka daina kawo jarirai. Makarantu a rufe, ba mai neman takardar shaida. Masu hawan jini da masu suga kowa ya lafe a ɗaka da ragowar ƙwayoyinsa yana gutsurawa. Waɗanda cutar ta kama da gaske kuma ba nan ake kai su ba, can ake wucewa da su. Abin ya ɗaure mini kai. Gari duk maganar ciwo ake yi, ga likita a zaune ba mai nemansa.

A gefe guda kuma, duk abin da yake bukata ya yi tashin gwauron zabo. Safar hannu, takunkumi, ruwan goge hannu, abubuwan da a da Sista ke saye da kwali, yanzu sai da roƙo. Firji bai san annoba ba, in wuta ta ɗauke dole a tada janareto don allurai. Haya ma ba ta san annoba ba.

Ni kuwa sai ga aiki ya same ni har gida. Sista ce ta fara kawo mini takunkumi guda ta ce in gwada ɗinka irinsa da yadi. Kafin ka ce kwabo, duk unguwa ni ake nema. Guntayen ƙyallen da nake sharewa in zubar suka zama abin nema. Ba zan ce na ji daɗin lokacin ba. Amma dai keken bai huta ba, kuma in na ɗaga kai na hangi wancan ɓangaren titi, sai in yi saurin mayar da shi ƙasa.

Da Likita ya ga mutane sun ƙi zuwa, sai ya rubuta lambar wayarsa da manyan baƙaƙe a jikin kwali ya liƙa a ƙofa. Ya ce duk mai damuwa ya kira. Aka kuwa kira. Ta taga nake hango shi, waya a kunne tun safe, in ta mutu ya jona ta a caji ya tsaya a jikin bango kamar an ɗaure akuya. Abin da ya ba ni mamaki, duk maganar da yake yi kujerar nan ta baƙo yake kallo. Rannan na kai musu takunkumi na ji abin da yake fara cewa.

"Kina tsaye ne ko kina zaune? To nemi wuri ki zauna tukuna."

Mai ɗakina ma ta kira shi a kan gwiwarta. Ya daɗe yana yi mata tambayoyi, ya gaya mata abin da za ta saya a kemis da abin da za ta bari. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, a gaida iyali," ta kashe. Babu wanda ya ga wani abu a ciki. Ai gaisawa aka yi. Mai kemis ne ya ga kuɗin.

Ban taɓa ganin mutum yana aiki kamar yadda Likita ya yi a watannin nan ba. Ban kuma taɓa ganin akwatin Sista a rufe haka ba.

Abubuwa suka fara raguwa, ba da hayaniya ba. Mai gwajin jini ya daina zuwa, daga baya na gan shi a bakin kasuwa yana sayar da ruwan goge hannu. Mai shara ma ta ɗauke ƙafa, sai na ga Likita da kansa da tsintsiya da sassafe, yana sauri kafin titi ya waye. Motarsa ta tafi wurin makanike. Na tambaye shi jikinta, ya ce ana nema mata wani ƙarfe. Har yau ana nema. Makarantar matarsa kuma, tunda yara ba sa zuwa, iyaye ba sa biya, kowa ya san sauran.

Wata safiya ya tsallako da leda a hannu. Wandunansa ne na aiki.

Ya ce, "Baba Tela, a ɗan rage mini ƙugu. Tafiyar ƙasan nan ta karɓe ni, dama mu muke ce wa mutane su motsa jiki."

Na zagaya masa tef. Na duba, na sake dubawa, na ce, "Lallai ta karɓe ka."

Ban yanke yadin ba. Tsohon tela ba ya yanke abin da ya rage a ƙugu, ninke shi yake yi a ciki ya bi da ɗinki, don ba a san gobe ba.

A makon nan kuma aka kawo mini wasu wandunan, su kuma buɗewa ake so a yi. Na Baba Mai Shaguna ne, dattijon da ya mallaki jerin shagunan can duka, har da na asibitin. Babban ɗansa ne ya kawo, ya ce tsohon bai fita ko ƙofar gida ba tun da aka fara kulle, kayansa duk sun matse shi. Na rataye su a ƙusa ɗaya da na Likita. Na daɗe ina kallonsu, mai haya yana ƙaruwa, ɗan haya yana raguwa. Na ce a raina, zaman gida ya karɓi Baba, hutu da cima ke nan. Ba a jima ba aka sake kawo su a ƙara buɗewa, har sai da na sa musu ƙari.

Da aka ɗage kulle, kasuwa ta cika, makarantu suka buɗe, masu neman takunkumi suka ja baya. Na ce to, yanzu bencina za su koma yadda suke. Sai na ga mutum ɗaya, mutum biyu, wani yinin ma ba kowa. Waya kuwa ba ta fasa kuka ba. Na rasa gane wannan, sai ranar da na shiga awon jini na tarar Sista tana warware mini, ko da yake ba da ni take ba.

Tana cewa, "Kai ka koya musu hanyar da ba ta bi ta ƙofa. Wa zai biya kuɗin mota ya zo ya biya na kati, alhali yana kwance a gadonsa za ka duba shi?"

Likita ya ce, "To ya kike so in yi? Mace ta kira tana haki in ce ta biya kafin in saurare ta?"

"Ka ce ta zo."

"Tsoro take ji."

"Tsoro? Wadda ta kira ka ɗazu jiya na gan ta a tsakiyar kasuwa tana cinikin takalmi, takunkuminta a haɓa. Nan ne kawai cuta take?" Ta juyo ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta matse shi fiye da yadda ta saba. "Ni dai mai shagon da nake ɗaukar shinkafa ya ce ba ya karɓar Allah-ya-saka. Na gwada."

Likita ya kau da kai. Ni ma na kalli silin. Daga nan na fahimci ita ma ta daɗe ba ta ga albashinta cikakke ba, kuma ba ta tafi ba.

Muna cikin haka waya ta yi ƙara. Sista ta leƙa ta ce, "Ga babban majinyacinka nan." Baba Mai Shaguna ne. Ashe kusan kullum sai ya kira. Yana da hawan jini, shekara da shekaru a nan ake duba shi, amma tun kulle bai tako ba. Muryarsa mai ƙarfi ce, ina jin ta daga inda nake. Likita ya tambaye shi jiki, ya ce lafiya lau, sai 'yar gajiya ta tsufa. Ya tambayi ko zai iya shan ƙwayarsa da shayi. Aka ba shi amsa. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Af, Likita, maganar nan tamu fa. Shekara ta kusa zagayowa, ga na baya ma bai cika ba." Likita ya ce yana sane, ana ƙoƙari.

Bayan 'yan kwanaki na ga wani mutum da ɗan Baba a gaban asibitin, suna jan tef daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ni na san abin da ake nufi idan an ja tef. Mai sayar da wayoyi ne, yana son shagunan biyu duka, kuma a shirye yake ya biya gaba. Labari ya zagaya cewa in haya ta ƙare, asibiti ya tashi. Mutane suka riƙa cewa kai, ba a kyauta ba, ina za mu samu likita irin wannan. Wasu har kiransa suka yi a waya suka jajanta masa, suka haɗa da tambayar maganin ciwon baya.

Ranar da Baba Mai Shaguna ya zo da kansa, ina ɗakin jira na je kai sabon labulen da Sista ta ce in ɗinke wa baki. Daga baya ya ce ɗansa ya so a gama maganar a waya, shi ya ƙi. Wai ba a tashin mutum a waya, maganar da take da nauyi ido da ido ake yin ta.

Mota ta tsaya daidai ƙofa, ɗan ne ke tuƙi. Daga motar zuwa cikin ɗakin jira ba wata tafiya ba ce, amma sai da ya tsaya a hanya, kamar mai duba fentin bango. Wandon da na buɗe ne a jikinsa. Takalminsa ya take bayansa ya mai da shi silifa. Ya wuce mu ya tsaya a ƙofar Likita, ya dafa katakon.

Ya ce, "Likita... ba zama na zo yi ba. Magana ce... gajeriya."

Likita ya miƙe. Bai kalli fuskarsa ba, ƙafafunsa yake kallo. Ya ce, "Baba, zauna tukuna."

"Na ce maka... ba duba ni na zo a yi ba."

"Na ji. Da matashi nawa kake kwana yanzu?"

"Me ya haɗa matashina... da haya?"

"In ka kwanta a miƙe, numfashi yana isarka?"

Tsohon ya ƙara riƙe katakon ƙofar. Ina jin ya so ya ƙi zaman, don ya san wanda ya zauna a kujerar mutum ba ya jin daɗin tashinsa. Amma ƙafafunsa ba su nemi shawararsa ba. Ya lallaba ya sauke jikinsa a kujerar da hannu biyu, kujerar ta yi ƙara. Sista ta shiga ta ja ƙofa.

Ba su daɗe ba. Likita ya fito ya kira ɗan, ya ce babban asibiti za a wuce yanzu, ba gida ba. Ya cire farar rigarsa ya shiga motar tare da su. Maganar haya ba a yi ta ba.

Abin da ya biyo baya, Baba Mai Shaguna ne da bakinsa ya riƙa ba kowa labari bayan an sallamo shi, don haka ba asiri na tona ba. Zuciyarsa ce ta gaji, ruwa ya taru masa a ƙafafu da ciki har ya fara hawa ƙirji. An ce da ya ƙara kwanaki a gida, da wani zancen ake yi. Na tuna wandunan nan biyu a ƙusa. Ni da na zata na iya karanta ƙugu, ashe abin da na kira hutu ruwa ne.

Wai a gadon asibiti har faɗa ya yi wa Likita. "Kullum muna waya da kai, ba ka gane ba?"

Likita ya ce, "Kullum ina tambayarka jiki, kana cewa lafiya lau."

"To me zan ce? Mutum ya gaishe ka sai ka hau zayyana masa ƙafafunka?"

Na zata shi ke nan, asibiti ya tsira, tunda ran mai shagon aka ceto. Unguwa duka haka ta zata. Amma duniya ba ta cika ɗinkuwa daidai yadda aka yanka ta ba. Ɗan ya riga ya karɓi kafin alƙalami a hannun mai wayoyi, kuɗin kuma sun tafi a jinya. Su ma sauran 'yan hayarsu ba wani biya suka yi ba a shekarar. Baba ya yi ta jujjuya abin, a ƙarshe ya raba gardama: mai wayoyi ya ɗauki shagon hagu, Likita ya riƙe na dama, abin da ake binsa kuma ya riƙa ragewa a hankali.

Magini ya zo ya mayar da bangon da aka fasa shekarun baya. Aka janye kabad aka buɗe ƙofar titi, sai da aka zuba wa maratayinta mai kafin ta yarda. Teburin Sista ya matsa jikin firji, labulen da na ɗinke wa baki ya raba ta da Likita. Ma'aunin nauyi ya shige ƙarƙashin gado. Bencina ne suka rasa wurin zuwa, aka jera su a bakin titi cikin rana.

Sista ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallonsu. Sannan ta ɗago ta kalli shagona. Ta tsallako.

Ta ce, "Baba Tela, rumfar nan taka inuwar banza take yi."

Na ce, "Ina shan iska a ciki."

Ta ce, "Za ka samu abokan sha."

Kafin in sami amsa an fara ɗauko su. Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Ai gara, ko ka rage magana da keke."

Wayar ma Sista ta karɓe ta. Da rana a aljihunta take. In an kira sai ta ce, "Yana nan. Kujerar ma tana nan." In ta ji abin na gaggawa ne, ko tsohuwa ce da ba ta iya fitowa, ta miƙa masa. Wasu suka yi fushi suka ce asibitin ya lalace da son kuɗi. Wasu suka zo suna gunaguni. Nakan hango shi wani lokaci, in ta shiga bayan labule, ya zaro wayar daga inda ta ajiye ya juya baya. Ban gaya mata ba. Ina jin ta sani.

Da Baba Mai Shaguna ya dawo a sake duba shi, a rumfata ya jira, ya kawo mini wandunansa in mayar da su yadda suke. Ya shiga, ya daɗe a zaune, aka saurari ƙirjinsa, aka latsa ƙafarsa, aka yi masa bayanin gishiri. Ya fito zai wuce, Sista ta biyo shi har bakin ƙofa da 'yar takarda.

Ya ce, "Kuɗin me kuma? Ko allura bai yi mini ba."

Ta ce, "Kuɗin zama, Baba."

"Yanzu zama ma sai an biya?"

"Ai kun fi kowa sani, Baba. Mu ma nan zaman muke biyan ku."

Mutanen benci suka kwashe da dariya. Ya zura hannu a aljihu yana cewa 'yar nan ba ta da kunya, ya biya. Likita yana ciki, ya sunkuyar da kai yana gyara kwalin ƙafar kujerarsa, kamar ba a asibitinsa ake yi ba. Tun daga ranar aka fara biyan kuɗin zama. Ba kowa ke biya ba, wanda ba shi da shi Sista takan kau da kai, amma an daina mamakinsa.

Yanzu haka muke. Masu jira suna rumfata, suna ba ni shawara a kan ɗinki ba tare da na nema ba. Wasu har sukan tuna suna da rigar da ta yage. Kusa da asibitin mai wayoyi yana sakin kiɗa, mutane suna layi a inda a da ake layin rigakafi. In lokacin mutum ya yi, Sista ta fito bakin ƙofa ta ɗaga hannu, shi kuma ya tashi ya tsallaka.

Na lura duk sa'ad da ta ɗaga hannun, Likita yana matsowa jikin taga. Rannan na tambaye shi ko ƙuncin wurin ne yake sa shi neman iska.

Ya ce, "A'a, Baba Tela. A da, daga ƙofa zuwa kujera nake awo. Yanzu an ƙara mini titi guda. Kai ma jiya na ga yadda ka sauko daga dakalinka. Gobe ka shigo."

Na ce ƙafata lafiya lau. Ya ce ya ji, in shigo dai.

Motar ba ta dawo ba, mai gwajin jini ma haka. 'Yarsa ta koma makaranta, ban tambayi yadda aka yi ba. Wandunan da na rage masa su ne dai a jikinsa, kuma in ya tsallako gaishe ni nakan saci kallon ƙugun. Yadin yana nan a ninke a ciki, warwara ɗaya ce. Bai kawo ba tukuna.